Shin Baburan Tsere Sun Fi Sauran Babura Haɗari?

A garin Gadau da ke Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau a Jihar Bauchi, kamar yadda yake a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, babur shi ne abin hawan yau da kullum. Shi ke kai manomi gona, shi ke kai mai jinya asibiti, shi ke ɗauko buhun gero ranar kasuwa. Tun kuma da aka kafa jami'ar jihar a Gadau a shekarar 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, zirga-zirgar ɗalibai da ma'aikata ta ƙaru tsakanin garin da Azare.

Kusan dukkan waɗannan babura ƙanana ne: Bajaj Boxer, Jincheng, TVS, Haojue da waɗanda ake kira roba-roba. Babur ɗin tsere kuwa, wanda matasan birni ke kira fawa-baik, baƙo ne a yankin. An fi ganinsa a Abuja, Legas, Kano da Kaduna. Jama'ar Arewa da dama sun fara jin labarinsa sosai ne a ƙarshen Disambar 2017, lokacin da Yusuf, ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci Muhammadu Buhari, ya yi haɗarin babur a unguwar Gwarimpa da ke Abuja a daren 26 ga watan, ya samu karaya da rauni a ka, kamar yadda fadar shugaban ƙasa ta sanar. Ya warke bayan jinya ta watanni, amma tambayar da lamarin ya tayar tana nan: shin wannan nau'in babur ya fi sauran haɗari ne, ko kuwa ƙararsa ce kawai ke tsorata mutane?

Amsar a taƙaice ita ce, inda aka tattara alƙaluma da kyau, mahaya baburan tsere sun fi mahaya sauran babura mutuwa, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Sai dai dalilan da suka haifar da tazarar sun shafi mai Boxer a hanyar Gadau fiye da yadda zai yi tsammani.

Mene ne babur ɗin tsere?

Shi ne babur da aka ƙera bisa tsarin baburan gasa, sannan aka sa masa fitilu da madubi da wurin lamba domin doka ta yarda ya hau titi. Ana gane shi da rufin roba da ya lulluɓe injinsa don ya riƙa keta iska, da kuma yanayin zaman mahayinsa: yakan kifa ƙirji a kan tanki, hannuwa a ƙasa, ƙafafu a baya. Fitattu daga cikinsu su ne Yamaha R1 da R6, Honda CBR, Suzuki GSX-R da Kawasaki Ninja.

Bambancinsa da baburan da aka saba gani yana cikin inji. Boxer na acaɓa yana da inji mai girman cc 100, ƙarfinsa kuma kimanin ƙarfin doki 8 ne, a ma'aunin da ake auna injuna da shi. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 100. Yamaha R1 yana da inji cc 998, ƙarfin doki kusan 200, nauyinsa kuma kimanin kilo 200. Ke nan a nauyi bai wuce Boxer biyu ba, amma a ƙarfi ya fi Boxer 20. Motar Toyota Corolla da aka saba gani a titunanmu, duk da nauyinta na fiye da kilo 1,000, ba ta da ƙarfin wannan babur. Daga tsaye, cikin daƙiƙa 3 ko kusa da haka zai kai gudun kilomita 100 a sa'a, kuma zai iya wuce wannan gudun bai bar giyar farko ba.

A shekarar 1999 kamfanin Suzuki ya fitar da Hayabusa, wanda gudunsa ya haura kilomita 300 a sa'a. Gudun kada gwamnatocin Turai su sa musu takunkumi, manyan kamfanonin babura suka amince a tsakaninsu da su tsayar da iyakar gudun baburansu a wajen kilomita 300. Mai karatu zai iya tambayar kansa a wane titi ne ake buƙatar ko da rabin wannan.

Adalci ne kuma a faɗi cewa birkin waɗannan babura da tayoyinsu da abin tare gargadarsu sun fi na ƙananan babura inganci nesa ba kusa ba. Idan aka sa R1 da Boxer a gudu ɗaya a kan kwalta mai kyau, a hannun mahaya masu ƙwarewa ɗaya, R1 zai riga tsayawa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da aka fi kafa hujja da shi a wannan batu ya fito ne daga Amurka, daga cibiyar IIHS da kamfanonin inshora suka kafa domin nazarin haɗurran hanya. A rahoton da ta fitar a 2007, cibiyar ta ƙirga mahaya nawa ne suka mutu a shekarar 2005 cikin kowane babura 10,000 masu rajista, nau'i-nau'i. A cikin baburan tsere na ƙoli, adadin ya kai 22.5. A cikin waɗanda ke bi musu a ƙarfi, 10.7. Manyan baburan doguwar tafiya, irin su Honda Gold Wing, suna da 6.5, baburan gama-gari da na kilisa irin na Harley-Davidson kuma 5.7. Wato mahayin babur ɗin tsere ya ninka mahayin babur na gama-gari kusan sau 4 a yiwuwar mutuwa. Baburan tseren ba su kai kashi 10 cikin 100 na babura masu rajista a ƙasar ba, amma fiye da kashi 25 cikin 100 na mahayan da suka mutu a kansu suka mutu.

Rahoton bai tsaya nan ba, ya duba waɗanda suka mutun. Matsakaicin shekarun mamatan baburan tsere 27 ne, na baburan gama-gari da na kilisa 44, na baburan doguwar tafiya kuma 51. An samu gudun wuce ƙima a kashi 57 cikin 100 na haɗurran baburan tsere da aka yi asarar rai, alhali a baburan gama-gari bai kai kashi 30 ba. Abin lura, mamatan baburan tsere sun fi sauran sanya hular kwano, kuma sun fi su ƙarancin shan barasa kafin tuƙi. Gudun da suke yi ya kai matakin da hular ba ta iya cetonsu.

A nan ne masana suka rabu. Wasu na ganin laifin na mahayi ne, domin matashi mai son gudu zai yi gudu ko a kan me aka ɗora shi, kuma irin wannan matashin ne ke zaɓen babur ɗin tsere tun farko. Suna kafa hujja da binciken MAIDS na Turai, wanda aka wallafa a 2004 bayan nazarin haɗurra 921 a Faransa, Jamus, Italiya, Holan da Sifaniya. Binciken bai sami baburan tsere sun fi yawa a haɗurra ba idan aka kwatanta da yawansu a kan titi; nau'in da ya fito fili shi ne baburan da masu su suka yi wa sauye-sauye. Ya kamata dai a san cewa ƙungiyar kamfanonin babura ta Turai ce ta jagoranci wannan aiki, kuma ya ƙirga haɗurran da aka ji rauni ne baki ɗaya, ba na mutuwa kaɗai ba.

Wasu kuma na cewa ba a raba mahayi da abin hawansa. Babur da murɗa totur kaɗan zai cilla shi kilomita 150 yana ba kuskure damar da ƙaramin babur ba zai ba shi ba. A ganin mai wannan rubutu, binciken biyu ba su ci karo da juna ba. Mai babur ɗin tsere ba lallai ya fi kowa yawan faɗuwa ba, amma idan ya faɗi, ya fi kowa kusa da kabari.

Lissafin gudu

Dalilin haka lissafi ne da kowane ɗalibin kimiyya na sakandare ya sani. Ƙarfin da abu mai tafiya ke bugun wani abu da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ƙaruwa ne da gudun idan aka ninka shi da kansa. Wanda ya tashi daga kilomita 50 zuwa 100 a sa'a ya ninka ƙarfin karon sau 4; idan ya kai 150, sau 9. Buga bango a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar bene mai hawa 3. A gudun kilomita 100, tsayin ya kusan mita 40.

Haka abin yake ga tsayawa. Kafin ido ya ga akuya ta shigo titi har hannu ya kama birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce. A cikin wannan daƙiƙa, mai gudun kilomita 50 ya ci mita 14, mai 100 ya ci mita 28, mai 150 kuma kusan mita 42, duk kafin birki ya fara aiki. Nisan da birkin kansa ke buƙata shi ma yana ninkuwa sau 4 duk lokacin da gudu ya ninku sau 2. Ingancin birkin babur ɗin tsere ba ya goge wannan lissafi.

Akwai kuma matsalar sauran masu amfani da hanya. Direban da zai tsallaka titi ko ya yi kwana yakan ƙiyasta nisan babur ne bisa gudun da ya saba ganin babura na yi. Ya hango fitila ɗaya daga nesa, ya ɗauka yana da lokaci, ashe mai fitilar na tafe da ninki uku na abin da ya zata. Tun a 1981 binciken Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran karo ne da wani abin hawa, kuma a biyu cikin uku na irin wannan karo, ɗaya direban ne ya shiga gaban babur. Wani abin da binciken ya gano ya fi shafar mu: matsakaicin gudun baburan kafin haɗarin bai kai kilomita 50 a sa'a ba. Ba sai an yi tsere ake mutuwa a kan babur ba.

Yadda lamarin yake a hanyoyin Katagum

Duk alƙaluman da aka kawo a sama na kwatanta manyan babura ne da manyan babura, a ƙasashen da mafi yawan mahaya ke hawa don nishaɗi, mutum ɗaya a kan babur ɗaya, a titunan da aka shata. Boxer mai ɗauke da mutum uku da buhu ba ya cikin lissafin. Don haka kuskure ne mai ƙaramin babur ya karanta su ya ce shi ya tsira.

Mahayin babur ɗin tsere a Abuja na iya fita sau ɗaya ko biyu a mako, sanye da hular kwano mai rufe fuska, rigar fata, safar hannu da takalmi mai kare idon sawu. Ɗan acaɓa a Azare yana kan titi daga hantsi har bayan isha'i, kwana bakwai a mako, sau da yawa da silifa da hular saƙa, fasinjansa ma haka. Ko da kowace tafiyarsa ba ta kai ta wancan haɗari ba, yawan tafiye-tafiyen na tara masa haɗarin. Ga duk wanda ya taɓa shiga sashen karaya na babban asibiti a Arewa, ya san wane irin babur ne ya kawo mafi yawan masu kwance.

Ƙaramin babur yana da nasa raunin. Mafi yawansu birkin ganga ne da su gaba da baya, wanda ƙarfinsa ke raguwa idan ya ɗauki zafi ko ruwa ya shige shi. Tayoyinsu sirara ne, kuma akan yi ta amfani da su har zanensu ya shafe. An ƙera su don mutum biyu; idan aka ɗora huɗu, ko aka ɗaura kaya masu faɗi a baya, nauyi yakan bar tayar gaba, sai sitiyari ya yi sako-sako, nisan tsayawa kuma ya ƙaru. Da yawa daga cikin mahaya sun taso da tsoron birkin gaba, suna ganin shi ke kifar da mutum, alhali shi ne ke ɗaukar kaso mafi girma na aikin tsayar da babur idan aka matsa shi a hankali. Wasu na cire madubai don ado. Wasu kuma na kashe fitila da dare don wai su rage wa batir aiki.

Sannan ga hanyar kanta. Tagwayen titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa Azare ya sauƙaƙa tafiya zuwa Potiskum da Dutse, amma shimfiɗaɗɗiyar kwalta na sa tireloli da motocin haya ƙara gudu, ƙaramin babur kuma ba shi da ƙarfin da zai kuɓuce musu. A hanyoyin ƙauyuka matsalar rairayi ce, da ramukan da damina ke bari, da amalanken shanu marar fitila, da dabbobin da ke tsallakawa ba sallama. A lokacin hunturu ƙura na rage nisan gani. A kan irin waɗannan hanyoyi babur ɗin tsere ma ba shi da wata fa'ida: cikinsa ƙasa-ƙasa yake, tayoyinsa na kwalta mai santsi ne, yashi kaɗan a kwana ya isa ya kayar da shi.

Abu mafi kama da tseren Turai a garuruwanmu shi ne wasan babur da samari ke yi a rakiyar amarya, bukukuwan sallah da gangamin siyasa: ɗaga tayar gaba, sakin hannu, kwanciya a kan kujera ana gudu. Da Boxer da Jincheng ake yi, a tsakiyar jama'a, ba hula ba kariya. Shekarun masu yi da halinsu duk sun dace da abin da rahoton Amurka ya bayyana game da mamatan baburan tsere. Girman injin ne kawai ya bambanta.

Doka da kayan kariya

Ƙa'idojin hanya na Najeriya sun ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a sa'a, a cikin gari da kuma a babbar hanya, ba tare da bambanta babba da ƙarami ba. Mahayi na buƙatar lasisi mai aji A, kuma sai ya cika shekara 18. Lasisin da ya halatta wa mutum Boxer shi ne ya halatta masa R1. A Tarayyar Turai, tun 2013, tsarin hawa-hawa ne: matashi ya fara da babur da bai wuce cc 125 ba, sannan ya koma mai ƙarfin doki kimanin 47, ba zai hau marar iyaka ba sai ya yi shekara 2 a mataki na biyu ko ya kai shekara 24. Wannan tsari ya fi haramci ma'ana, domin ya kama bakin zaren, wato haɗuwar ƙuruciya da ƙarfin inji.

A Najeriya matakan da aka fi ɗauka na hana acaɓa ne: a tsakiyar Abuja a 2006, a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, a Jihar Bauchi kuma a 2020. Galibi tsaro ko annoba ne suka jawo su, kuma a karkara, inda babu madadin babur, ba su sauya yadda mutane ke tafiya ba.

Hular kwano ce kariyar da aka fi tabbatar da amfaninta. Nazarin da ya haɗa sakamakon bincike masu yawa a 2008 ya nuna tana rage yiwuwar mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69 cikin 100. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairu, 2009. Masu dogon tunani za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka don kauce wa kamu, labarin da ya zaga duniya a lokacin. Ƙorafin zafi da tsada gaskiya ne, haka ma ƙyamar da fasinja ke yi wa hular da kowa ya sa. Amma hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan fice kafin kai ya taɓa ƙasa, hular leburan gini kuma ba a yi ta don wannan aiki ba.

Ga mai niyyar sayen babban babur, abin dubawa na farko shi ne ko yana da birkin ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an danne birki da ƙarfi. Binciken IIHS na 2021 ya nuna baburan da ke da ita sun yi ƙasa da takwarorinsu marasa ita da kashi 22 cikin 100 a haɗurran mutuwa. Turai ta wajabta ta ga sababbin baburan da suka haura cc 125 daga 2016, Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, ta kammala wajabta ta a 2019. Yawancin baburan tseren da ke shigowa Najeriya na hannu ne, wasu tsofaffi ne da suka riga wannan doka, wasu kuma an taɓa yin haɗari da su aka gyara. Tayarsu na da tsada, kuma taya mai shekaru na taurarewa ta daina kama kwalta ko da zanenta bai shafe ba; ana karanta mako da shekarar da aka yi ta a lambobi huɗu da ke jikinta.

Idan haɗari ya auku, kowane irin babur ne, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122. Kada a fizge hular wanda ya faɗi ko a lanƙwasa wuyansa, kada a ba shi ruwa, kuma kada a naɗe shi a goya a wani babur idan akwai halin samun motar da zai kwanta a miƙe. Wanda ya bugu a ka yana iya tashi ya yi magana lafiya, jini kuma na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. Amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini ko ruwa daga kunne da hanci, alamu ne da ke buƙatar a wuce da shi babban asibiti nan take, kamar na tarayya da ke Azare, kafin a yi maganar mai ɗori.